Gaurakan Hajo

A shekarar 1962 Uwaisu ya aiko wa mahaifiyarsa Hajo wasiƙa daga Kumasi, inda yake fataucin goro, ya ce ta bar Likoro ta koma wurinsa. Mijinta ya rasu, gidan ba kowa sai ita da wani gauraka da ta tsinta a fadama tun yana tsako. Ta ce za ta je, amma da tsuntsunta.

Ƙaninta Inuwa ya ce, "Yaya, tafiyar kwana biyar ce fa, ga jirgin ƙasa ga mota. Ki bar min shi."

"Kai dawa kawai za ka watsa masa," in ji ta.

Inuwa ya haɗa keji na gwangwala, dogo saboda wuyan tsuntsun. Ranar farko gauraka ya ƙi shiga, har ya karce masa hannu. Hajo ta riƙa zuba masa gyaɗa a bakin kejin, kullum tana matsarwa ciki kaɗan. A kwana na tara ya shiga da kansa. Daga nan ta sa ana ɗora kejin a kan jaki ana zaga gari, don ya saba da girgiza.

Saura takardar lafiya, wadda Uwaisu ya ce sai da ita za a wuce iyaka. Ita da Inuwa suka kai gauraka Makarfi wurin malamin dabbobi, Malam Musa. Ya buɗe bakin tsuntsun, ya duba fukafukai da ƙafafu. Takardar tana da gurbin shanu, tumaki da kaji, babu na gauraka, sai ya rubuta da hannu a ƙasa, ya buga hatimi.

"Inna, duk inda aka tsaya ki ba shi ruwa. In da hayaniya, ki lulluɓe kejin da zane."

Ranar Laraba Inuwa ya raka ta tashar jirgi a Zariya. Wani ma'aikaci ya ce keji sai taragon kaya. Hajo ta bar kujerarta ta bi kejin, ta zauna kan buhunan albasa.

Bayan wata biyu wasiƙar Uwaisu ta iso Likoro. Sun sauka lafiya. Gauraka ya rame amma yana ci, maƙwabta kuma suna ƙorafin kukansa da safe. Hajo ce ta kwanta zazzaɓi mako biyu, ta warke. Ta ce a gaya wa Inuwa ya gyara katangar gidan kafin damina.