Sunan Kan Shahada

Shekara uku Maliki ya yi a garin Madani na ƙasar Sudan yana koyon aikin otal da tarbar baƙi, ya fito da shahada mai hatimi. Da wani otal a Madina ya nemi masu jin Hausa da Larabci don tarbar alhazan Najeriya da Nijar, kowa a ƙauyensu na kusa da garin Hajj Abdalla ya ce kamar don shi aka yi aikin. Sun ɗauke shi. Abu ɗaya ya rage: a tantance shahadar a Khartoum, a haɗa ta da fasfo kafin Shawwal ya fita.

Ma'aikacin ofishin ya jera takardun biyu a teburi, ya ɗago.

"Ya zol, bawan Allah, wanne ne kai? Fasfo ya ce Maliki Gambo Mati. Shahada ta ce Maliki Sa'id Ibrahim."

Maliki ya yi bayani. Shekarar da ya isa shiga makaranta, mahaifinsa Gambo mai tsinkar auduga ba shi da jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Kawunsa Sa'id, mai gonar haya a yankin Jazira, yana da ita, sai ya rubuta yaron cikin 'ya'yansa. Rabin ƙauyen haka suka yi. Daga baya Gambo ya samu tasa, bayan shekara goma sha biyu yana bin layi, aka yi wa Maliki fasfo da sunansa na gaskiya.

"Sai kotu, sannan firamare, sakandare, kwaleji, kowacce ta gyara nata," in ji ma'aikacin. "Shekara guda in ka yi sa'a. Ko na runtse ido, can ba za su karɓa ba."

A ƙauye dattawa suka tarye shi da abin da suka saba. Malesh, a yi haƙuri. Rabo ne bai tsaga ba. Shekara ashirin suna kallon yara na fita da sunayen aro, babu wanda ya taka ofis ko sau ɗaya, don ai takarda ce kawai.

"Mu nawa ne a haka?" Maliki ya tambaye su. "Talatin? Arba'in? Duk malesh za mu ci?"

Aka ce yaro ya yi karatu ya manta ladabi.

Kawu Sa'id ne ya kawo gajeriyar hanya. Ya san wani da zai fitar da sabon fasfo cikin kwana goma, da sunan da ke kan shahada. Shaidu biyu za su rantse, Gambo kuma ya dangwala yatsa cewa shi riƙon Maliki kawai ya yi.

Suka iske Gambo a bakin magudanar ruwa yana wanke ƙafa. Ya saurara har ƙarshe.

"Baba, ba sai ka yi ba."

"To mi zan yi maka? In ba ka lauje?" Ya ɗan yi dariya. "Sa'idu, ka ci riba, ka samu ɗa ba ka yanka rago ba. Kawo tawadar."

"Baba..."

"Allah ya san wa ya yi maka huɗuba. Miƙo."

Yatsan ya daɗe a sama kafin ya sauka. Maliki yana tsaye, hannunsa zai iya kaiwa ga takardar. Bai kai ba.

A makonsa na farko a Madina, wani tsoho Basakkwace ya zo karɓar makulli, gajiya ta gama shi. Da ya ji Hausa fuskarsa ta washe. Ya matso, ya karanta sunan da ke maƙale a ƙirjin Maliki da ƙyar.

"Kai, madalla da ɗa! Malam Sa'idu yana raye?"

"Yana raye, Alhaji."

"To yau zan sa shi a addu'a gaban Manzo. Uban da ya haifi irinka ya cancanta."

Mutane na jira a bayan tsohon, manaja na kallo daga nesa.

"Amin, Alhaji," Maliki ya ce, ya miƙa masa makullin.