Wayar Hedkwata a Teburina

Ina da wani ɗan hali da ba na alfahari da shi: ba na ɗaukar waya da ƙarar farko. Sai na bar ta ta yi kuka ta gaji, ko da kuwa ƙuda nake kora, don mai kira ya san manaja ya kira, ba mai gadi ba.

Ni ne manajan reshen kamfaninmu mai sayar da injin ban ruwa da kayan gyaransa. Reshen ɗaki biyu ne da sito, a daidai inda kwalta ta ƙare, tsakanin mai faci da mai walda. Ma'aikatana kuwa, in na cire kaina, saura Mai-sito, dattijon da ya girme ni, ya kuma fi ni baki. Hedkwata tana can tafiyar yini guda, kuma wannan nisan shi ne babban alherin da kamfani ya taɓa yi mini.

Kwatsam sai aka turo Injiniya, wata mata mai jakar goyo da ƙaramar kwamfuta, wadda ba ta san doguwar gaisuwa ba. Ta tsinke tsohon layinmu, ta dasa wata baƙar waya mai maɓallai barkatai, ta ja igiya daga bayanta zuwa akwatin intanet da ke kan kabad.

"Ranka ya daɗe, daga yau ta intanet muryarka za ta riƙa bi," in ji ta. "Lambarku ta nan tana nan yadda take, amma yanzu kun zama gida ɗaya da hedkwata. Lamba uku za ka danna ka samu Darakta, kamar a bayan bangon nan yake."

Mai-sito ya leƙo daga cikin sito. "'Yata, shi ma uku zai danna ya same mu?"

"Ƙwarai, Baba."

"To, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri," ya ce, da muryar mai ta'aziyya.

Abin da ba ta gaya mini ba shi ne, ta saka ni a sahun masu tsaron baya. Duk kiran da ya shiga hedkwata Sakatariya ba ta ɗauka ba, nan teburina yake faɗowa. Ita kuwa Sakatariya, Allah ya yi ta da yawan uzuri.

Kira na farko, na bar shi ya nuna, na gyara murya, na ce, "Manajan reshe ke magana."

"Kai yaro, haɗa ni da akanta."

Yaro! Ni da furfura ta cinye mini gemu, ni da nake da suruki! Na danna maɓallin da nake zaton na haɗawa ne, layi ya mutu. Ya sake kira, ya ce hala a kan titi aka tsinto ni.

Haka aka buɗe mini ƙofar wulaƙanci. Mai kawo wa hedkwata ruwan sha ya kira yana tambayar inda zai sauke. Wani ya ce in fito yanzun nan in janye motar da ta tare masa hanya. Na ce tsakanina da motar nan tafiyar yini ce, ya ce ba ya son rainin wayo. Wata baiwar Allah ta ji muryata ta ce, "Ayya 'yar nan, mura kike yi?" Ga shi in mai walda ya tayar da injinsa, magana sai ta riƙa zuwa a makare. In ce ina kwana, mai kira ma ya ce ina kwana, mu yi shiru tare, mu amsa tare, kamar mutum biyu da suka yi kiciɓis a ƙofa kowa na kauce wa ɗan'uwansa.

Mai-sito ya samu abin yi. Da waya ta yi ƙara sai ya ƙwala, "Hajiya Sakatariya, ana sallama!"

"Baba, ka kiyaye ni."

"Ni me na yi? Ai ƙarin girma ka samu. Da reshe kake riƙe da shi, yanzu kamfani duka a kunnenka yake."

Ina cikin wannan takaici Darakta ya danna lambobinsa uku. Bai tsaya tambayar iyali ba.

"Manaja, reshenka haya kawai yake ci. Ba ni dalili ɗaya da zai hana in rufe shi."

Nan fa abin da na daɗe ina haɗiyewa ya taso. Har miƙewa tsaye na yi, duk da ba ya ganina.

"Yallaɓai, ta ina ciniki zai shigo? An mayar da ni mai jiran waya! Manomana suna ta kira, kullum layi a cike, ina can ina fama da mai ruwa da mai mota. Mutum injinsa ya tsaya, shukarsa na ƙonewa, zai zauna jirana ne? Wani shagon zai tafi! An ɗaure mini hannu, an ce in yi dambe!"

"Wannan ce matsalar?"

"Ita kaɗai ce."

Ya sa aka haɗo Injiniya a layin. Ta fara cewa ai wayar tana karɓar kira fiye da ɗaya a lokaci guda, na ce ba da ita nake ba, manya ke magana. Na ji ƙarar maɓallan kwamfuta, sai ta ce, "An cire shi daga sahun masu tsaron baya."

Wannan ma ya ƙona mini rai. Abin da ya hana ni sakat makonni, ashe bai kai tsawon atishawa ba a wurinta.

"To, ga ka ga manomanka," in ji Darakta. "Sai mu ga ƙarshen wata."

Na sa Mai-sito ya goge injinan da ke gaba, na matso da wayar kusa da hannuna, na zauna. Mai faci ya buga tayarsa, mai walda ya yi walƙiyarsa. Wayar ta yi tsit. Washegari ma haka. Da mako ya zagayo sai na gane makircin: Injiniya ta riƙe ni a zuci, ta kashe mini layi baki ɗaya don ta rama. Na jure har wata ya kusa ƙarewa, ina tara hujja, sannan na kira ta na zazzage mata kwandon magana. Na ce zan kai ƙararta har gaban Darakta, na ce arzikin iyalina take wasa da shi.

Ta bari na gama. "Ranka ya daɗe, ɗauki wayarka ta hannu ka kira lambar reshen."

Na kira. Baƙar wayar ta ɗauki ƙara, har Mai-sito ya fito da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Layin lafiyarsa ƙalau. Kiran da na yi wa kaina shi kaɗai ne ya shigo reshen tun ranar da aka cire ni daga sahun.