Tabon Dunduniyar Baba

Amsar likitan fata ta shigo wayar Mai Hoto da hantsi, tana shagonta na ɗaukar hoto. Ya ce ya duba hoton da ta tura, bai ga abin tayar da hankali ba, a kawo dattijon bayan wata uku, shi ma daga ƙarfe biyu zai tafi hutu. Da wata ce da ta yi hamdala. Ita kuwa gabanta ne ya faɗi, don da idonta ta ga tabon da ke dunduniyar babanta: baƙi ƙirin, gefensa a tsattsage, ya ninka girmansa cikin wata biyu.

Ta buɗe abin da ta tura. Tabon ya koma ɗan ɗigo mai laushi, sumul, har da ɗan kyau.

"Ke dai kin cika ɗaga hankali," in ji Baba, yana zaune a kujerar da masu zuwa hoto ke zama, ƙafa ɗaya a kan benci. "Likita ya sallame ni, ke kin tsare ni. Wa ya fi wani karatu?"

"Baba, ka yi haƙuri, minti goma."

Ta tafi ga ɗanyen hoton, wato ainihin abin da kyamara ta ɗauka kafin a taɓa shi. Can kam komai na nan dalla-dalla, amma nauyinsa megabayit talatin ne, shafin asibitin kuwa biyu kacal yake karɓa. Ta zargi matsewar da ta yi wa hoton don rage nauyinsa. Ta sake juya shi, ta sassauta matsi, shafin ya ƙi karɓa. Ta ƙara matsi, fatar ta farfashe ta zama 'yan akwatuna. Ta sauya tsarin launi, ta kashe kwamfutar ta kunna. Tabon dai sai ya fito a goge. Agogon bango ya wuce ɗaya da kwata.

Sai idonta ya sauka kan wani ɗan maɓalli a kusurwar manhajar da take gyara hotuna da ita, wanda ta daina ganinsa tuntuni. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ta saita shi, ya riƙa share ƙuraje da tabo a duk hoton da ya bi ta nan, don ba mai biyan mai hoto ya ga kansa yadda yake. Da wannan ta yi suna a layin. Kunya da tsoro suka rufe ta lokaci guda: ashe ita ce ta yi wa ciwon ubanta kwalliya ta aika wa likita.

Ta kashe maɓallin. Ta yanke bencin da zanen bango da sauran ƙafar, ta bar dunduniyar kaɗai, nauyin ya sauko ba sai an matse ba. Ta tura ƙarfe biyu saura minti ashirin.

Likitan bai rubuto ba, kira ya yi. Ya ce ya ɗage tafiyarsa, ta kawo Baba gobe da sassafe, kuma ta zo da wani babba a gidan.

"To, ya yi dai?" Baba ya tambaya, yana laluben takalminsa.

"Ya yi, Baba."

Ta durƙusa ta sa masa takalmin da kanta, a hankali, don kada ya ga fuskarta.