Ƙugun Jita

Tun da Dogo ya auri 'yar Maijita, aikinsa ɗaya ne a shagon surukin nasa: yin mazubi. Zai manne falankai masu kauri da gam, ya zana siffar jita a kai, ya yanke da zarto, ya bi ƙugun, wato inda siffar ta tsuke a tsakiya, da samfefa har sai yatsa ya daina jin tudu. A cikin mazubin ake matse siririn katakon gefen jita, bayan an jiƙa shi an gasa a jikin bututun ƙarfe mai zafi. Gashin kuwa na tsohon ne shi kaɗai, bai taɓa bari Dogo ya taɓa ba. Shago a ƙasa, ɗakin Dogo da iyalinsa a sama, garin katako har cikin shimfiɗarsu.

A bana hannun tsohon ya fara rawa. Wata safiya yana cikin gashi, katakon ya ce ƙas a daidai ƙugu.

"Mazubin nan naka ƙugunsa ya yi tsini," in ji shi. "Sake wani."

"To, Baba."

Katakon ko kusa da mazubi bai kai ba ya tsage, amma wa zai faɗa wa suruki haka? Dogo ya sake wani. Aka kushe, ya sake. Mazubai suka taru a bayan ƙofa har ta daina buɗewa sosai, sai a karkace ake shiga.

Ana haka abokinsa Gajere ya leƙo, ya ja shi waje. Gajeren ya buɗe wurin yin ƙofofi da tagogi a wani gari, yana neman hannu.

"Kai fa kafinta ne, ba mai ɗinka wa jita takalmi ba. Ranar Asabar motar kayana za ta tashi. Kwaso madam da yara, akwai ɗaki."

Dogo ya hau sama ya sami matarsa tana ninke kaya, ya gaya mata. Ta ajiye kayan.

"Ka lura yadda yake riƙe kofi yanzu? Da hannu biyu. Baba ya sani sarai. Mazubinka yake zagi don ba zai iya zagin hannunsa ba. In ka ce mu tafi, mu tafi. Amma kai za ka gaya masa, ni bakina ba zai iya ba."

Kullum sai Dogo ya sauko da maganar a baki, ya haɗiye ta da gaisuwa. Har Asabar ta zo. Ya tarar tsohon ya riga ya zafafa bututu, katako na cikin ruwa.

"Baba, dama ina so..."

"Zo ka riƙe min nan."

Ya riƙe. Tururi ya tashi, zafi ya ratsa yatsunsa. Tsohon ya ɗora hannuwansa masu kakkarwa a bayan na Dogo.

"Kada ka danna. Lallaɓa shi, da kansa zai ba ka."

A hankali katakon ya saki, ya bi bututun. Tsohon ya janye hannunsa, ya ja kujera ya zauna yana haki. A waje mota ta fara hon.

"Wane ne wannan da sassafe?"

Abin da Dogo ya yi shekaru yana kwaɗayi ne a hannunsa, da zafinsa, in ya saki ya lalace. Ya ga matarsa tsaye a kan matakala da ƙaramin a goye, tana jiran abin da zai ce.

"Abokina ne, Baba. Sallama ya zo yi."

Ita ta fita ta sallami Gajere. Dogo ya kwantar da katakon a mazubi, ya ɗaure ƙarafan matsewa, yana jin ƙarar motar tana yin nisa.

"Madalla," in ji tsohon, idonsa a rufe. "Saura ɗaya gefen."

Dogo ya naɗe hannun riga, ya tsamo na biyun daga ruwa.