Leda Mai Lamba Bakwai

Da 'yata Fadila ta gama dogon karatunta, na zaci likita na samu a gida. Sai ga ta da cokali da ledoji, tana hawa kabu-kabu zuwa Tsibiri da Jiratawa ɗibar ƙasa.

Ta ce, "Baba, a cikin ƙasa akwai wasu halittu da ido ba ya gani. Wasunsu na fitar da abin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Su nake nema, don magungunanmu sun fara kasawa."

Na ce to. Ni dai a aji uku na bar lakwal, amma na san abin da mutane ke faɗa idan suka ga ana zuba ƙasa a leda.

Ran wata Talata ina shagona a Sabon Gari, wani tsoho ya yi sallama. Maidawa sunansa, manomi daga Jiratawa. Ko zama bai yi ba.

"Kai ne uban yarinyar nan mai cokali? Ta ɗebi ƙasa a bakin gonata, daidai inda na taka. Tun ranar ƙafar nan ke ciwo. A ba ni sawuna."

"Baba, ba sammu ba ne, bincike ne."

"Ta bincika sawun ubanta. Ko a ba ni, ko in faɗa wa kasuwa duka."

Na rufe shago na ja shi gida, Fadila tana labo, wurin gwajinsu. Ledojin na cikin firigo, na'urar sanyi, kusa da zoɓon uwarta Tsahara. Mai lamba bakwai ce aka rubuta wa Jiratawa. Na juye masa ita cikin hula, ya tafi, har ɗingishin ya ragu. Ni kuma na cika ledar da ƙasar gindin turken ragona. Na ce a raina, ƙasa ai ƙasa ce.

Bayan mako uku Fadila ta shigo da gudu har tana yar da takalmi.

"Baba! Lamba bakwai! Duk ƙwayar cutar da muka sa kusa da ita a faranti ta mutu!"

Na ce madalla, na saci kallon turken ragon.

Sai aka ɗauke wuta kwana biyu, abin da suka raina a labo ya lalace, ƙasar ledar kuma ta riga ta ƙare. Farfesanta ya ce ta sake ɗebowa. Sau huɗu tana komawa Jiratawa, Maidawa yana biye da ita da tsintsiya yana share sawunsa. Ba a sami kome ba. Farfesan ya fara zargin ƙirƙira ta yi, ya ce in ba ta kawo hujja ba, zai cire ta daga aikin.

Ta daina cin abinci. Ni ma haka. Tsahara ta dube ni ta ce, "Ita dai na san damuwarta. Kai fa, Malam?"

Da hantsi na same ta a tsakar gida.

"Fadila, wannan lamba bakwai, dole sai a Jiratawa take?"

"Can na ɗebo ta, Baba."

"Can kika ɗebo ta farko."

Na faɗa mata duka, har hular. Ta dubi ragon, ragon ya dube ta.

"Baba, nuna mini wurin. Daidai wurin."

Ƙasar ta sake ba da abin, farfesan ya bar ta a aikinta. An hana ni matsar da turken, an kuma hana ni buɗe firigo.

Jiya ina tsaye kusa da ragon Fadila tana ɗibar ƙasa, sai ga Maidawa ya kawo mini gero. Ya dubi cokalin, ya dubi ƙafata.

"Ai na gaya maka," in ji shi. "In ta fara ciwo, ka zo in ara maka tsintsiya."