Daɓen da Bai Nuna Ba

A lokacin kaka, babanmu Oddvar ya faɗi a bakin ƙofar kicin, rungume da itacen murhu, ƙugunsa ya karye. Da ya fara takawa a asibiti sai ƙaramar hukuma ta kafa sharaɗi: in zai koma gidansa ya zauna shi kaɗai, to a cire murhun itace, a kawar da dokin ƙofa da dardumomi, ƙasa ta zama shafal yadda keken dafawarsa zai wuce, kuma gidan ya kasance da ɗumi. Za su turo mai dubawa. In gidan bai yi ba, akwai ɗaki a gidan tsofaffi.

Ƙanwata Gunvor ta ce a karɓi ɗakin kawai.

"Yaya Steinar, shekararsa tamanin da ɗoriya. Kai kana wajen aiki, ni ina can birnin Bergen. Wa zai ɗaga shi in ya sake faɗuwa?"

Na ce ba zai faɗi a ƙasar da na shimfiɗa ba. Aikina ke nan, sa tayil, tun ina saurayi. Ban iya doguwar magana ba, sai na ɗauki guduma. Na ɓalle tsoffin katakan falo da kicin, na fitar da murhun da ya girme ni, na shimfiɗa wayoyin ɗumama ƙasa, na zuba siminti a kansu, na jera tayil mai kaushi wanda ba ya santsi. Kowane dare gwiwoyina kamar ba nawa ba, amma daɓen ya yi kyau. Ka ɗora kwalba a kai ba za ta gangara ko'ina ba.

Sai dai sabon daɓe ba a kunna masa wuta. Siminti da gam ɗin tayil suna riƙe da ruwa a cikinsu makonni, ko da sama ta bushe ƙayau. Ka ba su zafi kafin su nuna, ruwan ya tsere da wuri, gam ya saki, siminti ya motsa, tayil ya bi shi. Ko bayan sun nuna ɗin, da ɗan ƙaramin zafi ake farawa, yau ka ƙara ɗan taƙi, gobe ɗan taƙi, har daɓen ya saba. Duk wanda ya taɓa riƙe cokalin gini ya san wannan.

Lissafina Baba zai zauna a sashen jinya har lokacin ya cika. Shi kuwa ya tayar musu da hankali, ya daina cin abinci, ya kira likita ɗan maraƙi, har suka gaji suka sallame shi gida na gwaji kafin mai dubawa ta zo. Na kawo masa hita biyu masu jona wa bango, na sayo masa silifas na gashin tunkiya. Sannan na kai shi gaban makunnin wutar daɓen da ke jikin bango, na manna masa salatif a kai.

"Baba, wannan ba a taɓa shi. Sai na ce."

"A gidana?"

"A gidanka. Daɓen bai nuna ba."

Ya buga ƙasa da sandarsa. "Wannan? Ya fi kanka tauri, kuma ka san ba ƙaramin yabo na yi masa ba."

"Samansa ne. Ciki ɗanye ne."

"Ka fitar mini da murhu, ka binne wuta a ƙasa kamar gawa, ka ce kuma kar a tashe ta. Uwarka da tana nan da ta kore ka da tsintsiya."

Na bar shi yana mita, na tafi wani aiki a tsibiri, inda jirgin ruwa ba ya zuwa kullum. Ina kiran sa a waya, yana ce mini lafiya lau, in daina damun sa kamar kaza mai ƙwai ɗaya.

Ranar da mai dubawa za ta zo na iso da safe. Na cire takalmi a zaure kamar kowa, na taka falo, sai na ji zafi ya ratso safata. Ba ɗumi ba, zafi, irin na dutsen bakin teku da tsakar rani. Na duba bango. An ɓare salatif, an murɗa makunnin har ƙarshe.

Baba na zaune a teburi cikin farar riga da ya goge da kansa, ya jera kofunan kofi na baƙi da biredi da cuku.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun ranar da ka tafi. Na ɗan murɗa, shiru. Na ƙara, shiru. Na ce to, wuta ce mai nawar kamawa. Ai haka ake yi wa murhu, ka cika masa ciki ya kama sosai, in ɗaki ya ɗauka sai ka rage."

"Ka rage ɗin?"

"Yau zan rage, in baƙuwa ta tafi."

Na kashe, na durƙusa ina ƙwanƙwasa tayil da bayan wuƙa. Kusa da bango yana amsawa da nauyi. A tsakiya kuwa sai ƙwal-ƙwal, kamar ana buga ƙwarya. Daga ƙofar kicin zuwa ƙarƙashin taga tsaga ta tafi siririya kamar gashi, kuma a daidai hanyar banɗaki tayil biyu sun tunkuɗi juna, bakin ɗaya ya ɗago. Bai kai kaurin farce biyu ba. Amma ya isa ya kayar da mutum.

"Na ce maka kar ka taɓa."

"Ka ce. Matar nan za ta cire takalminta a ƙofata, ta shigo da safa. So kake ta taka ƙanƙara a gidan Oddvar? Ba a taɓa yi ba. Ko lokacin da ba mu da komai, wanda ya shigo gidan nan ƙafarsa ta ji ɗumi."

Na waiga ina neman abin da zan rufe bakin tayil ɗin da shi. Darduma tana cikin abubuwan da aka hana. Na jawo kujera na ɗora a kai, ya ce in mayar da ita inda take, shi ba ya tarbar mutane da rufa-rufa, kuma wane mahaukaci ne ke ajiye kujera a hanyar banɗaki. Muna cikin haka mota ta tsaya. Gunvor ce, tare da mai dubawa, wata mata mai furfura da ake kira Borghild.

Ta cire takalmanta ta jera su a zaure. Da ta taka falo sai ta yi murmushi.

"Kai, Baba Oddvar, gidanka da daɗi."

Baba ya dube ni ta gefen ido, irin kallon ka gani ko.

Ta sha kofi, ta yaba cukun, ta sa shi ya tura kekensa zuwa kicin ya dawo. Ya yi tsaf, har da juyi. Na fara jin ko za mu tsira. Sai ta ce bari ta ga banɗaki. Taku uku, safarta ta maƙale a bakin tayil ɗin, ta yi tuntuɓe ta dafe bango. Ta sunkuya ta shafa wurin da yatsa, ta bi tsagar da ido har taga.

"Ba sabon aiki ba ne?"

"Sabo ne," na ce. "An ba shi wuta da wuri. Zan gyara."

"Wa ya kunna?"

Na so in ce ni ne. Bakina ya buɗe ma. Baba ya riga ni.

"Ni na kunna, 'yata. Saboda ke."

"Ɗanka bai gaya maka a jira ba?"

"Ya gaya mini. Har da salatif ya manna, kamar ni yaro ne."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta da mugunta, wannan ne ya fi ba ni haushi. Ta tambaye ni gyaran zai ɗauki wane lokaci. Na gaya mata gaskiya: sai an fasa tsakiyar duka, a duba ko wayoyin sun tsira, a sake zuba siminti, a sake jira, sannan a fara wutar kaɗan-kaɗan. Hunturu zai ƙare kafin nan. Ta ce ba zai zauna a gidan da ake fasa ƙasarsa ba, kuma ba zai taka wannan da keke ba. Ɗakin nan na gidan tsofaffi yana nan, ya je na ɗan lokaci.

Gunvor ta shiga tattara kofuna. A kicin na tsaya a bayanta.

"Faɗi mana. Ki ce kin faɗa."

"Me zan faɗa, Yaya? Yau makunni ne. Gobe tukunya ce a kan wuta. Kai ma ka sani."

"Bai manta ba. Sani ya yi, ya ƙi."

"To wanne ya fi sauƙi a cikinsu?"

Ni na kai shi gidan tsofaffin da motata. Da muka isa, a bakin ƙofa ya ce in shayar da furen da ke tagar gidansa.

Na fasa daɓen ni kaɗai, da yamma bayan aiki. Abin da na jera da hannuna na kwashe a baro na zubar. Wayoyin ba su mutu ba. Na sake zubawa, na sake jerawa, wannan karon na cire fis ɗin wutar gaba ɗaya na sa a aljihu. Duk Lahadi ina zuwa wurinsa in ce masa saura kaɗan. Da farko yana tambaya. Daga baya ya daina. Ƙafafunsa sun yi nauyi a wurin, don komai kawo masa ake yi, har keken dafawar ya koma na zama.

Ranar da na je in gaya masa siminti ya nuna, gobe zan fara ba shi wuta, yana kallon talabijin bai ko juyo ba.

"Kar ka wahalar da kanka. Na sa hannu a sayar da gidan, Gunvor ta kira dillali."

Wasu miji da mata daga birni suka saya, za su riƙa zuwa hutu. Dillalin ya roƙe ni in kammala kunna wutar kafin a ba su makulli, tunda ni na san kanta. Haka na riƙa biyowa kowace yamma, in buɗe gidan da babu ko kujera, in ƙara ɗan taƙi, in kulle in tafi. Ko tayil ɗaya bai motsa ba.