Gonar Danda ta Bakin Gulbi

A garinmu, Gidan Talle, idan mutum biyu suka yi gardamar iyakar gona, ni ake kira. Sunana Danda. Allo kaɗan na taɓa, lakwal kuwa, makarantar boko, ko ƙofarta ban shiga ba, amma na yi fatauci har Kano da Agadas, kuma ni ne namijin da ya rage wanda aka haifa a tsohon gari, can ƙasa bakin gulbin Kaba, tun kafin ruwa ya cinye ɗakuna mu hau tudu.

Da muka tashi, maƙabarta muka bari a can, kuma gonata na jingine da ita. Mu nan da gamba muke iyaka. Kowace damina sai in cire tushen gambata in matsa da shi taki ɗaya. Taki ɗaya wa zai gani? Shekara ashirin da wani abu ina haka. Itatuwan goribar da ke tsaye kan kaburbura na sare su ɗaya bayan ɗaya, na ce inuwa suke wa hatsi.

Bara mushe Kabiru, malamin lakwal, ya ce meri, ofishin hukumar yankinmu, na son a rubuta tarihin kowane gari, kuma furoje, wani shirin taimakon ƙauyuka, zai gina wa mata rijiyar lambu a bakin gulbi. Ya ɗauke ni bisa moto, jama'a na biye. Na nuna masa inda masallaci yake da, da marina, da mashigin da amalanke ke kafewa. Da muka zo maƙabarta na nuna ɗan abin da ya saura ƙarƙashin aduwa.

Halima na cikin matan. Taubashiyata ce, ɗiyar kawuna Auta, ta girme ni da shekara biyu, idonta ya fara hazo.

Ta ce, "Kai ɗan mace, ina ka kai ubana? Ai ba nan muka ga an tahi da shi ba. Gabas ne, wajen goriba uku."

Na ce, "Wace goriba, tsohuwa? Ke da ba ki bambanta jaki da amalankensa? Mushe, kar ka rubuta nata, jiya ma akuya ta gaida."

Aka yi ta dariya, ita ma ta yi. Tsakanina da ita ba a fushi, shi ya sa na bi ta nan. Kabiru ya rubuta nawa.

Sai maigari ya ce to tunda gefen gonar Danda fili ne mai tsabta, kuma ruwa kusa yake, nan ya dace da rijiya. Kowa ya dube ni. Mi zan ce? Na ce na ba mata kyauta, saboda Allah. Liman har ya sa mini albarka.

Kwana tara ina da damar magana. Na je ƙofar maigari sau biyu, muka yi hirar tsadar taki na dawo. Na riƙa ce wa kaina wataƙila masu ginar su faɗa tsakanin kabari da kabari.

Ranar Asabar da hantsi Isufu mai ginar rijiya ya zana da'ira ya fara. Mata sun kawo fura, ana ta raha. Ramin bai kai masa ƙugu ba dagi ya yi wata ƙara. Ya sunkuya ya share da hannu, sai ga gindin tukunya a kife, ga wata a jikinta, ga wata, a jere, irin rufin da ake wa mamaci a da. Ya fito yana salati.

Maigari ya ce, "Danda, mine ne wanga?"

Na ce, "Kabari ne. Daga nan har inda kuka ga gambata, duk su ne."

"Ka sani?"

"Na sani."

Ba wanda ya zage ni, kuma na so a ce an zaga. Isufu ya mai da ƙasa, liman ya yi addu'a, Kabiru ya ja layi bisa shafinsa a gabana.

Halima ta dafa sanda ta matso. Ba ta ce mini ɗan mace ba. Ta ce, "Malam Danda, tunda kai ka sani, nuna mana su."

Aka saro ƙirare. Na shiga gaba cikin kututturan gerona, ina kiran suna ana kafawa. Ladan na farko. Matar sarkin ruwa. Tagwayen da ƙyanda ta ɗauke shekara guda. Na kira goma sha ɗaya, na tsaya. Sauran da goriba nake gane su, kuma har saiwarsu na ƙone da hannuna.

Halima ta ce, "Saura Baba."

Na yi gabas, na dawo, na ƙidaya taki daga aduwa, na sake ƙidayawa. Ƙasa duk iri ɗaya, kunya bayan kunya. Ina iya nuna ko'ina in ce nan ne, kuma da ta yarda.

Na ce, "Halima, ban gane wurin ba."

Ta daɗe tsaye da ƙiraren a hannu. Daga baya ta miƙa wa Isufu, ta ce rana ta yi, a kama mata hannu ta hau tudu.